Minti Bakwai da Faifan Surukina Ya Cinye

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Alhamis ba, a tsakiyar bazarar 2009, ƙarfe biyar ta ɗan gota, a ɗakin watsa shirye-shirye na wani ƙaramin gidan rediyo a Arlit. Mu uku ne a wurin: ni a gaban makirufo, Aghali mai kula da na'urori a bayan gilashi, sai baƙon shirin, wanda ya kasance mahaifin matata. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, kuma bayan abin da ya faru ba ni da ƙarfin halin farawa. Alhaji ya wadatar.

A lokacin ina gabatar da wani shiri na mako-mako kan kayan zamani: wayar salula, farantin hasken rana, injin jan ruwa, duk abin da ya shigo gari mutane ba su san kansa ba. A Yamai na koyi aikin, na kuma dawo arewa da wata Hausa mai guga da sitati. Ba na cewa "kuran" kamar kowa, sai "wutar lantarki". Ba na cewa "ordinater", sai "na'ura mai ƙwaƙwalwa", in ina sauri in ce kwamfuta. Mutane suna ganin girmana, ko dai haka nake zato. (Daga baya na ji cewa 'yan kabu-kabu, masu babur na haya na bakin kasuwa, "Labaran Duniya" suke kirana.)

Shekarun tawayen Abzinawa na biyu ne. Hanyar Agadas ba a bin ta sai cikin ayari da rakiyar soja, kuma kalma ɗaya da ta kauce a rediyo tana iya jawo tambayoyi. Shugabarmu, Madam Hawa, ta yanke cewa a riƙa ajiye duk abin da muka watsa, ko da wata rana za a zo a ce mun faɗi abin da ba mu faɗa ba. Aghali ya warware wannan ta hanya mafi sauƙi: ya bi da sautin gaba ɗaya ta cikin kwamfuta. Daga makirufo zuwa teburin haɗa sauti, daga nan kwamfuta ta ɗauka, sannan ya wuce zuwa na'urar watsawa. Ma'ana, in kwamfuta ba ta tashi ba, gari ba ya jin komai.

Kwamfutar kuwa ta tsufa. Wutarmu daga Anu Araren take zuwa, tafiya mai nisa, kuma da bazara takan tsaya hutawa a hanya. Batirin da ke riƙe na'urori zafi ya kashe shi tuntuni. In aka ɗauke wuta aka maido, teburin sauti yana farkawa nan take, amma kwamfuta sai ta yi kusan minti bakwai tana gurnani kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya, kafin ta yarda ta kai muryarmu gari.

Waɗannan minti bakwai ɗin sun zama namu. Muna kiransu hutun kwamfuta. A cikinsu ake zagawa bayan gida, a amsa waya, a kurɓi shayi. Mai gabatarwa da mai na'ura sukan yi hira ta makirufo, tunda gilashi ya raba su kuma teburin sauti yana aiki. Duk gulmar gidan rediyon a cikin minti bakwai ɗin nan aka yi ta. Ba wanda ke duba agogo, jiki ya riga ya san tsawonsu.

Akwai kuma wani abu da Aghali kaɗai ya sani game da ni: na iya kwaikwayon muryar mutane. Tun ina makaranta nake yi. Na iya Madam Hawa, na iya limamin unguwarmu, na iya mai shelar ɓatan raƙuma. Wanda na fi iyawa, Allah Ya yafe mini, shi ne Alhaji.

Alhaji mutumin Tawa ne, yana da shagon kayan lantarki a kasuwa. Mutum ne mai kirki da kwarjini, kuma kafin ya faɗi kuɗin kaya sai ya yi tari sau biyu, ya ƙwanƙwasa kayan da zobensa, ya ce na Dubai ne. A shekarun nan garin ya cika da baƙi masu neman sababbin wuraren haƙar yuraniyom, kowanne da kwamfutarsa a jaka. Gargadar hanya tana kashe musu faifan ajiya, domin faifan da aka saba da shi yana da faranti mai juyawa da allura a ciki, ba ya son girgiza. Alhaji ya ji suna maganar wani sabon faifai da babu abin da ke motsi a cikinsa, SSD, mu muna cewa es-es-de. Ya sa aka kawo masa 'yan kaɗan daga Tamanrasat ta Asamaka. Baƙin suka sayi biyu, sauran suka kwanta.

Wata safiya na je gaishe shi, ina tsugune a bakin shago, ya miƙo mini wani abu kamar ƙaramin gwangwanin kifi da mota ta taka.

"Malam, ga abin da anka kawo mini. Ka kai gidan rediyonku ku gwada shi wata guda. In ya yi, ku saye, ka kuma hwaɗa ma mutane. Kai sun yarda da bakinka."

Na karɓa da hannu biyu na ce, "To, Baba."

Zan yaba wa kaina a nan, domin ba zan sake samun dama ba a cikin wannan labarin: na yi gwajin da gaske. Muna da kwamfuta biyu iri ɗaya da aka ba mu kyauta, ɗaya a ɗakin watsawa, ɗaya a ofis. A ta ofis Aghali ya saka faifan. Na cire agogona na ajiye a tebur. Na danna, na ƙirga: daƙiƙa arba'in, komai ya tashi. Na kashe na sake, na kashe na sake, har Aghali ya ce, da Hausarsa ta Abzinawa da ba ta damu da namiji ko mace ba, "Kai, bar kwamfuta ya sha iska mana." Shirin awa guda da tsohon faifai ke buɗewa da jan ƙafa, wannan kafin in ɗage yatsa ya buɗe. Kuma shiru. Na kara kunnena a jikin akwatin, ban ji komai ba sai fanka.

Sai juriya. Na zare waya daga bango yana tsakiyar aiki, ba sau ɗaya ba, ya tashi lafiya. Na bar ofis a rufe da tsakar rana ba fanka, zafin da ke narkar da roba, bai ce uffan ba. Na sa Aghali ya cire shi ya saka a aljihu, ya hau kabu-kabu ya bi hanyar da ta fi kowace gargada a bayan gari. Aghali ya dawo yana dafe da ƙugu, faifan ko a jikinsa. Abu ɗaya ne ban iya aunawa ba. An ce irin wannan faifai yana cinyewa a hankali duk lokacin da aka rubuta aka goge, kamar allon da ake yawan wankewa, mu kuma rubutu muke yi daga safe har rufe tasha. Wata guda ba ya nuna wannan. Na ƙudura zan faɗa wa masu sauraro haka, domin ni mutum ne mai adalci.

Sai daraja, wato ko ya ci kuɗinsa. A nan adalcina ya fara ɗingishi. Cikinsa ƙarami ne, giga talatin da biyu, ba zai ɗauki abin da muke ajiyewa ba, dole mu ci gaba da riƙe tsohon a gefe. Kuɗin da Alhaji ya sa masa kuwa zai sayi faifai uku na gargajiya, kowanne ya ninka shi ciki. Ga gidan rediyo da wuta ke yi wa wasa, yana da amfani. Ga malamin makaranta ko akawu da ke son ajiye hotuna da waƙoƙi, asara ce. Na san wannan sarai.

Na je wa Madam Hawa da maganar. Ta ce, "To ka faɗi haka mana."

Na ce, "Madam, surukina ne fa."

Ta ce, "Na sani. Ya ma aiko cewa yana son ya zo shirin da kansa. Na ce masa bismilla."

A gida matata Zainabu ta ƙara mini nauyi. Ta ce, "Ka bi Baba a hankali. Ya zuba kuɗi a abin nan, kuma kullum sai ya ce mijin Zainabu na gwadawa, shi ba ya ƙarya."

Cikin watan nan na ci tuwo a gidan Alhaji ya fi sau ɗaya. Duk lokacin da ya ce, "Yaya abin namu?" sai in dubi tabarma in ce, "Yana da sauri ƙwarai, Baba." Ba ƙarya na yi ba. Na tsara shirin ma a kan haka: in ja maganar sauri, in ja maganar juriya, in buɗe layin waya, kafin a zo kan kuɗi lokaci ya ƙare. Mun koyi wannan dabarar a makaranta, ko da yake don 'yan siyasa aka koya mana, don mu gane in suna yi mana ita.

Da safiyar Alhamis ɗin wata dabara ta zo mini, wadda na ga ta fi ta kowa. Na ce wa Aghali ya ɗauke faifan daga ofis ya saka shi a kwamfutar ɗakin watsawa, domin in ce wa jama'a muryar da suke ji ta cikinsa take biyowa. Ni na ba da umarnin. Ina so a riƙe wannan.

Alhaji ya iso bayan la'asar cikin babbar riga mai ruwan ƙasa. Na tsuguna na gaishe shi a tsakar gida a gaban kowa. A ɗakin watsawa kujeru biyu ne masu tsawo ɗaya, sai na ba shi ɗaya, ni na jawo wani ɗan benci, har makirufo ya koma saman goshina sai da na lanƙwaso shi. Wanda bai taɓa yi wa surukinsa tambayoyi a rediyo ba ba zai gane ba. Aikin yana son ka dubi baƙo a ido, tarbiyya tana son ka dubi takalminsa. Na zaɓi zobensa.

Shirin ya fara lafiya. Na gabatar da shi a matsayin "wani fitaccen ɗan kasuwa na wannan gari". Na bayyana faranti da allura, na bayyana abin da ba ya motsi. Na karanta sakamakon awona da muryar da ake karanta sanarwar gwamnati: minti bakwai a da, daƙiƙa arba'in a yanzu. Na maimaita, domin masu sauraro su riƙe. Na ce, "Muryar nan da kuke ji, ta cikin wannan faifai take iso muku."

Ina rufe baki wuta ta ɗauke.

Ɗakin ba shi da taga, kuma da fanka ta tsaya sai ya koma tanda. Alhaji ya cire abin sauraro daga kunne ya ce, "Bari in sha iska waje. In ta dawo ku kira ni." Ya fita tsakar gida, inda maigadinmu ke zama a gindin bedi da 'yar rediyonsa mai batir, wadda ba ta taɓa barin tasharmu.

Ba a jima ba fanka ta motsa. Fitilun teburin sauti suka kama. Aghali ya juya wa kwamfuta baya, kamar yadda ya saba yi kullum, ya ɗauki butar shayi. Ni ma na miƙe ƙafa, na kwance maɓallin wuya. Hutun kwamfuta ya fara. Jan ƙwan fitilar da ke nuna cewa gari na jin mu ya ƙone tun bara, ba wanda ya damu ya canja shi, tunda kowa ya san lokacinsa.

Muka ɗan yi maganar zafi. Sai Aghali ya ce a kunnena, "To Labaran Duniya, yaya za ka yi da maganar kuɗi? Mutane zai tambaya fa."

Da na ce masa "Allah Ya rufa asiri" da shi ke nan. Amma na yi kusan rabin awa ina magana da zobe, wuyana ya ƙage, kuma abin ya taru mini a ƙirji. Na gyara zama. Na yi tari sau biyu. Na ƙwanƙwasa tebur da biro.

"Ehem, ehem. Wanga abu, ɗan'uwa, na Dubai ne. Wallahi hwaɗuwa nike, don kai ne. Jiya wani Bature ya zo shina kuka, shina roƙo, na ce a'a, na aje ma mutanen gida. Dubi nan. Babu abin da ka motsi cikinshi. Ko kuɗin da ka ba ni, in sunka shiga aljihuna, ba su sake motsi."

Aghali ya ajiye butar ya kifa kai a tebur. Rawaninsa yana rawa. Ba abin da ke lalata mai kwaikwayo irin ɗan kallo ɗaya mai dariya. Na ci gaba. Na yi Alhaji yana sayar da tocila ta Dubai. Na yi Alhaji yana sayar da batir na Dubai. Na yi Alhaji yana duban tuwon gidansa yana cewa, "Ehem, ehem, wagga miyar kuka, ta Dubai ce." Ban taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba. Har numfashin da yake ja ta hanci kafin rantsuwa na kawo.

Sannan na koma muryata, ba ta rediyo ba, ta zaman shayi. Na ce, "Kai Aghali, maganar Allah, abin nan sauri gare shi, kuma ko kuran ya yanke sau goma ba ruwansa. Amma tsadarsa ta yi yawa. Cikinsa kamar kofin shayi. Mai ordinater a gida in ya saya ya yi wauta, ya jira shekara biyu kuɗin zai faɗo. Amma wa zai faɗa wa uban matarsa haka? Ni dai zan ja surutu har lokaci ya ƙare."

A daidai nan ƙofa ta buɗe.

Abin da na fara ji shi ne muryata. Tana fitowa daga hannun Alhaji, daga 'yar rediyon maigadi, tana cewa "ya ƙare" a bayan bakina da ƙiftawar ido. Sai rediyon da makirufo suka haɗu suka yi wata ƙara mai tsinin allura. Alhaji ya murɗa ya kashe. Na dubi gilashi. A bayan Aghali, fuskar kwamfuta tana haske, layin sauti yana hawa yana sauka, lafiya lau, kamar yadda na yi wa jama'a alkawari.

Daƙiƙa arba'in. Ni na auna. Ni na karanta wa gari, har sau biyu. Ni na sa aka saka faifan a wannan kwamfutar. Kuma ƙarfe biyar ta gota, lokacin da motocin kamfani ke kwaso ma'aikata daga mahaƙa da rediyo a kunne, lokacin da kowane mai shago da kowane mai shayi ke sauraro, lokacin da Zainabu ke ɗora tukunya da rediyo a kan taga.

Na zame daga bencin na tsuguna. Aghali ya kai hannu zai rufe makirufo, Alhaji ya ɗaga masa yatsa ɗaya.

"Bar shi buɗe."

Ya zauna a kujerarsa. Ya gyara riga, ya saka abin kunne a nitse, ya jawo makirufo. Ya yi tari sau biyu. (Na rantse, a wannan halin ma, wani ɓangare na ƙwaƙwalwata ya lura cewa tarinsa na biyu ya fi nawa gajarta.)

"Jama'a, assalamu alaikum. Wanga ni ne na gaske. Wancan da kunka ji, mijin ɗiyata ne." Ya ci gaba, "Ya ce abin da tsada. To, da tsada. Ya ce cikinshi ƙarami ne. Shi ya auna, ni ban auna ba. Amma batun sauri, kun ji da kunnenku. Mutumin da ya zamna wata guda da agogo shina ƙirga shi, shi ma ya riga shi." Ya leƙo ƙarƙashin tebur inda nake. "Malam, taso ka ida aikinka. Mutane na jira."

Na taso. Saura minti ashirin a shirin, kuma na yi su. Ban san yadda na yi ba. Na buɗe layin waya saboda ba ni da abin faɗa. Mai kira na farko direban motar ma'aikata ne, ya ce ya tsaya a gefen hanya don kada ya kifar da mutane, kuma fasinjoji suna roƙo a sake na miyar kuka. Na ce, "Mun gode da wannan gudummawa." Na biyu wata mata ce, ta ce ita ba ta da tambaya, tana son ta ji ko da gaske ni ne na ce "kuran". Na uku ya tambayi kuɗin faifan. Alhaji ya faɗa masa, bai rage ko dala ba, ya ƙara da cewa na Dubai ne.

Da muka gama Alhaji ya tashi. Ya mayar wa maigadi rediyonsa, ya yi wa Madam Hawa sallama, ya hau motarsa. Madam ta dube ni, ta shiga ofis ta ja ƙofa. Ta cikin ƙofar na ji dariyarta.

Na bi ta bayan gari na koma gida, don kada in ratsa kasuwa. Zainabu tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji ta.

Na tsaya riƙe da jaka.

"Tun yaushe kake yin wannan?"

Na ce, "An ɗan jima."

"Ni ma kana yi na?"

Ya kamata in ce a'a da sauri. Na tsaya zaɓen kalma, irin ta mai aikin rediyo, kuma tsayawar ta amsa mata. Ta ajiye faifan shinkafar ta ce, "Ubana ka mayar abin dariya a motar ma'aikata. Gobe da sassafe ka je ka same shi. Kuma kada ka je masa da Hausar rediyo."

Washegari na je. Shagon a cike yake, ban taɓa ganinsa haka da safe ba. Na tsuguna a inda na saba. Alhaji ya amsa gaisuwata ya ci gaba da ciniki, ya bar ni a nan. Duk wanda ya shigo sai ya taya batir ko ƙwan fitila, ya tsaya yana jira, Alhaji ya yi tari, shago ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Alhaji, faɗuwa kake?" Ya ce, "Wallahi hwaɗuwa nike." Suka biya suka fita suna murna. Wasu suna fita suna shafa kaina da ido.

Da mutane suka ragu ya ce in matso. Ya rage murya.

"Ka ɓata mini rai, ba ni ɓoye maka. Ba tarin ba. Yara na yi na a kasuwa tun ba ka zo garin ga ba, na sani. Abin da ya yi mini zahi, ka zamna gidana, ka ci tuwona, na tambaye ka yaya abin namu, ka ce sauri. Ka san da tsada, ka san mutanenmu ba su iya saye, ba ka hwaɗa mini ba. Na ga ka yi shiru, na aika a ƙaro mini wasu, suna hanya. Da ka buɗe baki a zaure, da ban aika ba."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokacin ba, har da ta jiya. Na ce, "Baba, na yi kuskure. Kunya ce ta hana ni."

"Kunya," in ji shi. "Kunyar da ta hana ka hwaɗa ma mutum guda, ta bar ka ka hwaɗa ma Arlit duka."

Ya ƙwanƙwasa kantar shagon da zobe, ya daɗe yana kallon titi.

"To, ga abin da za a yi. Waɗanda ke hanya, kai za ka nemo mini masu irin aikin da ya dace da su, tunda kai ka san su. Na biyu, ka ga shagon ga yau. Za ka yi mini talla a rediyonku. Da muryata. Ka sa tocila, ka sa batir." Ya ɗaga yatsa. "Ban da miya. Uwar Zainabu ba ta ji daɗin wannan ba."

Na ce, "To, Baba."

Abin da na koya bai da yawa. Auna na'ura abu ne mai sauƙi, agogo kawai ake bukata. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne cewa tsohuwar kwamfutar ta yi shekaru tana horar da ni, kuma an canja mata faifai ni ba a canja mini ba. Na kuma gane cewa in kana da gaskiyar da za ka faɗa wa surukinka, ka faɗa masa a zaure, a tsugune, da muryarka. Ya fi arha ƙwarai.

Madam Hawa ta sayi faifan a kan kuɗin da Alhaji ya faɗa, ta kuma sa aka canja jan ƙwan a makon. Sauran na yi wata da watanni ina tallata su a ofisoshin baƙi kafin su ƙare. Namu yana nan yana aiki har na bar gidan rediyon. Tallar kuwa an yi ta saka ta safe da yamma har ƙarshen shekarar, kuma har yau akwai mutane a Arlit da za su rantse maka cewa Alhaji ne da kansa ya karanta ta.